Ƙaiƙayin da Gado Ya Zuba wa Kili

Lahadi, 3 Nuwamba 2024

Dokina Kili na ɗingishi. Ƙafar gaba ta hagu. Na kwance shi da safe zan kai shi rijiya, sai na ga yana ɗosana ta yana ɗagewa. Da na durƙusa kusa da kofaton, wani wari ya buge ni. Ba warin barga da na saba ba, warin abin da ya ruɓe.

Duk shekarun da na yi riƙe da alli a lakwal, makarantar boko, ina gaya wa kaina ranar da na ajiye shi zan ɗaure doki a gidana, kamar yadda mahaifina ya yi. Na ajiye, na je Tasawa na sayo. Gado ne ya raka ni, don shi ya san dawaki, ni iyakar sanina in hau in sauka. Tare aka yi mana kaciya da Gado, tare muka yi kiwon awaki a nan garinmu, Sarkin Hausa. Da na nuna wani kili fari tas na ce shi nake so, ya yi dariya, ya kira ni da sunan da ake kiran malaman lakwal, ya ce, "Mushe, wanga hwari ne hwa, za ka sha wanki."

Na kuwa sha. Dawakin mutane gefe guda suke zaɓa su yi abin da za su yi. Kili inda ya tsaya nan yake fitsari, nan yake kashi, ya tattake, ya tona, sannan ya kwanta a kai ya yi birgima. Kullum da safe rabinsa fari, rabinsa kore. Matata Zara'u ta ce in sake masa suna, don ta gaji da jin ina yi wa mutane ƙarya.

Gado ya ce maganin ƙazamin doki ƙaiƙayin gero. A zuba da kauri, kada a kwashe kullum, a riƙa ƙara sabo a bisa yana shanyewa. In ya taru, shi zai zo da amalankensa ya kwashe mini, ya kawo wani daga masussuka. Haka muke yi tun ƙarshen damina. Har godiya nake masa a gaban mutane.

Gobe zan je ya faɗa mini maganin ƙafar.

Litinin, 4 Nuwamba

Wannan dole sai na rubuta shi.

Na je gidan Gado da hantsi, ba ya nan, yana lambunsa a gulbi. Matarsa Balkisu ta ce in shigo in sha ruwa. Rabona da cikin gidan tun kafin in sayi Kili, kullum a ƙofa muke zama. Ina shiga idona ya faɗa kan goɗiyarsa a turke. Tana tsaye kan yashi. Yashin gulbi, busasshe, an share shi har ana ganin sawun tsintsiya. Ko tsinken ƙaiƙayi babu.

Na ce, "Balkisu, ita ba a zuba mata ƙaiƙayi?"

Ta ce, "Ƙaiƙayi? A'a, Mushe. Abokinka ai ba ya yarda ko kaɗan ya taɓa ƙahwarta. Ya ce in ya jiƙe yana cin kohwato."

Na riƙe kwanon ruwan ban sha ba. Ita ba ta lura da komai ba, ta ci gaba da tankaɗe tana ba ni labari. Wai bana takin gidana ya fi takin zamani. Wai Gado ya ce da ba don ni ba da bai dasa albasa ba, don takin buhu ya fi ƙarfinsa. "Ya ce kai ka iya barin shi ya nuna sosai." Tana murmushi, a ganinta yabona take yi.

Ashe ba barga nake da ita ba, ramin taki nake wa Gado tsaro, dokina kuma shi ne mai tattakewa.

Na ajiye kwanon na ce ta gaida shi. Ban san yadda na iso gida ba.

Talata, 5 Nuwamba

Ban fita ko ƙofar gida ba.

Laraba, 6 Nuwamba

Na kwashe ƙaiƙayin da kaina. Sama-sama busasshe ne, mai kyan gani. Da shebur ya shiga ƙasa sai baƙi ƙirin, yana tururi. Na cusa hannu, zafi kamar tuwon da aka kwashe yanzu. Ga tsutsotsi. A kan wannan Kili yake tsaye dare da rana, ni kuwa ina zuwa kullum da kwandona ina ƙara masa sabo a kai, ina jin ni mai kula da doki ne.

Na tara shi a bayan rumbu. Ya ruɓe a nan. Ko cikin cokali ba zai bar gidan nan ba.

Bayana ya riƙe, da kyar na yi la'asar a tsaye.

Juma'a, 8 Nuwamba

Gado ya zo. Da amalanke, cike da sabon ƙaiƙayi, kamar kullum. Balkisu ba ta san ta faɗi wani abu ba, don haka shi ma bai san na sani ba. Ya yi sallama da fara'arsa, "Mushe, ina ƙazamin naka?"

Na tare shi a zaure. Na ce na ga goɗiya. Na ce na ga yashi.

Na ɗauka zai musa. Wallahi da ya musa da ya fi mini sauƙi, mu yi ta hayaniya a raba mu. Sai ya cire hula ya sosa kai. Abin da ya ce, ba zan manta ba:

"Ban zaci za ya kai haka ba, Mamudu. Na ce dokinka ƙaƙƙarhwa ne, za ya jimre har in gama dashe. In na dasa albasa, sai in ce maka ka koma yashi."

Wato ya zauna ya auna. Ya ɗora ƙafar dokina a gefe guda, albasarsa a gefe guda, ya ga za ta kai shi. Da ya ce mini, Mamudu, ba ni da taki bana, zan hana shi? Kashin Kili ai ba ci nake ba. Da na tara masa a gefe, in jiƙa masa da ruwa in yana so. Amma bai roƙa ba. Roƙo ne ya yi masa nauyi, yaudarata ba ta yi masa ba.

Ya ce in bari ya duba ƙafar. Na ce in ya ƙara taku ɗaya cikin gidan nan, ni da shi sai gaban mai gari. Ya juya san da ke jan amalanken ya tafi da ƙaiƙayinsa.

Lahadi, 10 Nuwamba

Abdul Razak, ma'aikacin dabbobi, ya zo daga Mayahi a kan motonsa mai ƙafa biyu. Ɗalibina ne a da, yanzu har da furfura a gemu. Ya ɗaga ƙafar da kyar, Kili na fizgewa. Tsakiyar kofaton ta yi baƙi ta yi laushi. Ya wanke, ya shafa wani shuɗin magani, ya bar mini sauran.

Ya ce maganin gaske bushewa ce. In ƙafar ta samu busasshen wuri za ta warke. In ba ta samu ba, ruɓar za ta nutsa har inda jini yake, daga nan sai a yanke ruɓar da wuƙa, in yankan bai yi ba shi ke nan. Bai ƙarasa ba, amma na san ƙarshen gurgun doki a ƙasar nan. Masu lodi ne suke saye su yi kudu da shi, kowa kuma ya san ba hawa ake kai shi ba, wajen mahauta ne.

Ya ce in zuba yashin gulbi. Na ce zan duba. Ban gaya masa dalili ba. Abin da ke ƙarƙashin goɗiyar Gado ba zai shigo gidana ba, duniya ba ta rasa abin shimfiɗa wa doki ba.

Laraba, 13 Nuwamba

Ƙasa zalla, na daɓe ta. Kafin azahar ya mai da ita taɓo.

Asabar, 16 Nuwamba

Karan gero. Na sassare shi gajeru na shimfiɗa kamar tabarma, har Zara'u ta ce ko ita ba a taɓa yi mata gado haka ba. Kili ya duba, ya ci ganyen, ya watsar da karan da ƙafa har bakin madafa, ya koma tsakiya ya yi fitsarinsa a ƙasa. Wani tsinke kuma ya soke shi daidai wurin ciwon. Laifina.

Litinin, 18 Nuwamba

Ɓawon gyaɗa daga wajen masu ƙuli. Wannan ya yi kyau na rabin yini. Ruwa na wucewa ta ƙasa, sama na bushe. Na zauna ina kallo ina jin daɗi, ina cewa a raina, to Gado, ka gani.

Da la'asar na dawo na tarar ya cinye shimfiɗarsa. Cikinsa ya kumbura, yana waiwayen haƙarƙarinsa yana nishi. Na yi ta zagaya tsakar gida da shi a kan ƙafa uku har magariba kafin ya saki. Da ya saki kuma, a kan ragowar ɓawon ya saki, ya kwanta.

Na tsaya a kansa na ce, kai ma? Ya kaɗa kunne.

Alhamis, 21 Nuwamba

Miyar yau ta yi daɗi, har na ƙara. Na ce wa Zara'u ina ta samu ɗanyen lawashi a wannan lokaci. Ta juya tana gyara kwanuka. Na sake tambaya.

"Balkisu ta aiko."

Daga lambun. Daga takin. Ƙafar Kili na ci da tuwo, har na suɗe hannu.

Na ture kwanon. Ta ce, "Malam, ni da Balkisu ba mu yi hwaɗa ba. Ita ta riƙe ni ran da na haihu kana can garin Urafan wajen aiki. Ba zan mai da mata lawashi ba don doki." Ta ɗauke kwanon ta tafi, ba ta ko ba ni haƙuri ba.

A cikin gidana ma ni kaɗai ne.

Lahadi, 24 Nuwamba

Garin katako, buhu-buhu daga Mayahi. Yana shan ruwa, amma sai ya cure ya toshe cikin kofaton. Duk wanda na kankare da safe, kafin yamma wani ya cika. Warin ya dawo.

Talata, 26 Nuwamba

Rairayin jigawar bayan gari. Na ce ai rairayi ba yashi ba ne, ban karya maganata ba. Laushinsa ya yi yawa, yana jiƙewa ya zama kamar ƙullu.

Yau amalanken Gado ya wuce ta bayan katangarmu. Ƙafar amalanken ɗaya tana ƙara, duk garin nan an san ta. Kili ya ɗaga kai, ya miƙe kunnuwa, ya yi haniniya har yana jan turke. Ni da nake kwashe kashinsa safe da yamma, ni da bayana ya kusa karyewa, bai taɓa yi mini haniniya ba. Sai mutumin da ya ruɓar masa da ƙafa, don yana zuwa masa da dusa a aljihu.

Na ji amalanken ya tsaya. Na riƙe shebur ina jira. Can ya ci gaba.

Juma'a, 29 Nuwamba

Wani mai lodi ya yi mini sallama bayan masallaci. Ya ce ya ji ina da doki mai ciwon ƙafa, shi kuwa motarsa na da wuri. Yana magana yana leƙen zaure. Na ce ya ji ba daidai ba. Ya ce zai sake biyowa, "don irin wannan ciwo, Alhaji, kullum kuɗin dokin raguwa yake."

Ban taɓa zuwa Makka ba. Na bar shi tsaye.

Amma da na shiga na ga Kili ya rataye ƙafar, ko ɗosana ta ba ya yi, sai na zauna kusa da shi. Na lissafa abin da na gwada tun zuwan Abdul Razak. Duk wannan lokacin ƙafar a jiƙe take, don ina fushi da wani mutum da ke can yana ban ruwan albasarsa lafiya lau.

Asabar, 30 Nuwamba

Yashin gulbi. Na ɗauki hayar amalanken Lamine, maƙwabcinmu, muka je can ƙasa da lambuna, inda ba zan ga kowa ba.

Abdul Razak ne ya ce. Maganar likita na bi, ba ta kowa ba.

Talata, 3 Disamba

Yana yi. Haushi kamar ya kashe ni, amma yana yi. Fitsarin na nutsewa, in kwashe inda ya jiƙe, in watsa busasshe, in share. Kili na birgimarsa ya tashi ya girgije, ya kusa komawa fari. Ashe tun farko abin da ya kamata ke nan, kuma mutumin ya sani tun ranar da muka taho da dokin daga Tasawa muna raha a hanya.

Ƙafar dai ba ta canja ba. Akwai zafi a sama da kofaton.

Litinin, 9 Disamba

Abdul Razak ya dawo. Ya danna wurin, Kili ya yi sama. Ya ce ruɓar ta riga ta nutsa, yashi kaɗai ba zai fitar da ita ba, sai an yanke har a kai mai rai. Ya fiddo wuƙarsa.

Lamine ya riƙe kai, ni na ɗaga ƙafar. Wuƙa na taɓawa Kili ya watsar da ni, na bugu da katanga. Muka sake. Ya tsinke ragama, ya kusa hallaka Lamine. Muka sake, ko kusantar ƙafar bai bari mun yi ba, jikinsa duk gumi, idonsa ya yi fari.

Abdul Razak ya mai da wuƙar kube. Ya ce, "Mushe, ana jirana a Mayahi. In babu wanda zai tsaya masa, sai wani zuwan. Amma ƙafar nan ba za ta jira ni ba."

Zara'u na bakin ɗaki, kallona kawai take. Da ta yi magana da na samu abin yi wa faɗa.

Na sa hula na fita. Gado na ƙofar gidansa yana gyaran igiyar guga. Ban yi sallama ba, Allah Ya yafe mini. Na ce, "Zo ka riƙe mani shi." Ya ajiye igiyar ya biyo ni. Muka ratsa gari, ni gaba shi baya, mutane na kallo.

Yana shiga Kili ya yi masa wannan haniniyar. Ya shafa wuyansa, ya yi masa magana ƙasa-ƙasa a kunne, ya bi kafaɗar da hannu har ƙasa, ƙafar ta taso kamar ba ita ba. Ya naɗe ta a gwiwa ya rungume. Ni aka ba kai. Abdul Razak ya shiga yanka, baƙin abu na faɗuwa kan yashi, ruwa mai wari na biyo shi. Da wuƙar ta kai mai rai, Kili ya zabura, ya kawo ƙafar baya ya ɗora kan ƙafar Gado, ya tsaya a kai. Silifa ce a ƙafarsa. Na ji ƙarar.

Bai saki ba. Ya cije leɓe, jijiyoyin wuyansa suka tashi, ya ce wa Abdul Razak, "Gama aikinka." Har aka wanke, aka cusa magani, aka naɗe.

Zan rubuta gaskiya, tunda ba mai karantawa. Da na ji ƙarar nan, raina ya yi sanyi. Na ce shi ma ya ji yadda ƙafa take. Bai daɗe ba, amma na ji shi.

Da ya juya zai fita, idonsa ya faɗa kan tarin takin da ke bayan rumbu. Ya kawar da kai da sauri. Lamine ne ya kai shi gida a amalanke. Ban ce masa sannu ba.

Laraba, 11 Disamba

Yatsun Gado biyu ne suka karye, in ji Zara'u. Ban tambaye ta ba, ita ta faɗa wa tukunya ina kusa. Wai an yi ɗori. Wai Balkisu ce ke jan guga a lambu.

Riƙe ƙafa na rana ɗaya ba ya goge abin da aka yi da gangan. Ni ban roƙe shi ya bar ƙafarsa a wurin ba.

Lahadi, 15 Disamba

Mai lodin ya biyo. Na ce wa Zara'u ta ce ba na nan. Ta faɗa da ƙarfi yadda zai san ina nan.

Na canja naɗin. Warin ya ragu, ko hancina ne ya mutu. Har yanzu a rataye take.

Alhamis, 19 Disamba

Da hantsi na gama zuba masa sabon yashi, na share, na tsaya ina duba aikina. Kili ya zo tsakiya daidai inda ya fi kyau, ya buɗe ƙafafu ya yi fitsarinsa. Ya juya ya ƙara da kashi. Ya tattake. Ya kwanta ya yi birgima, dama da hagu. Na buɗe baki zan zage shi kamar kullum.

Sai ya miƙe ƙafafun gaba, duka biyun, ya dafa ƙasa ya tashi. Ya girgije. Ya tsaya a kan huɗu. Ya tako zuwa wajen harawa, yana ɗan ɗingishi, amma yana takawa, naɗin na barin sawu a yashi. Na zauna a ƙasa, rigata a cikin jiƙaƙƙen wuri, ban damu ba.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na tsinci kaina a zaure da takalmi ɗaya a ƙafa, ina neman ɗayan, bakina cike da labari. Sai a nan na tuna wanda zan kai wa, na kuma tuna ba ma magana.

Na daɗe a zauren. Zara'u ta wuce ta ture mini ɗayan takalmin da ƙafa, ba ta dube ni ba.

Dama ina da niyyar zuwa kasuwa neman igiyar ragama. Ta ƙofar gidan Gado akwai hanya, ko da ta ɗan fi nisa.

Yana zaune kan tabarma, ƙafar a miƙe, an ɗaure ta da karare. Ya rame. Ya ɗago ya gan ni, ya fara ƙoƙarin tashi.

Na ce, "Ya taka."

Ya koma ya zauna. Ya sa hannu ya rufe fuskarsa.

Ban zauna ba. Ban yafe ba, kada wani ya ce na yafe. Na dai tsaya har ya sauke hannun, don ba a barin mutum haka a bakin hanya.

Igiyar ragama sai gobe, ban kai kasuwar ba.